Ni Ba Laya Ba Ne

Ba kallon wasa ya fara kai ni filin nan ba, masifa na je yi. Wandunan jins da na ba da aiki a wata masana'anta a Xintang, can ƙasar Sinawa, sun wuce ranar da aka yi mini alkawari, na buga waya har na gaji. Ranar wata Lahadi na tashi daga Dengfeng, inda nake haya, na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau mota, duk hanya ina jera maganganun da zan gasa wa mai masana'antar. A bakin ƙofa mai gadi ya ce mini meyo, wato babu, lawban ba ya nan. Lawban shi ne maigida a bakinsu, mu ma haka muke kiransa. Da mai gadin ya ga ba ni da alamar juyawa, sai ya nuna mini wata 'yar hanya da ta bi ta bayan ginin.

Hanyar ta kai ni wani fili mai jar ƙasa da aka zagaye da ragar waya. Can na hango lawban, mutum mai tumbi da furfura, ya matse cikin farin wando da hula hana-salla yana ta ɗaga murya. Ma'aikatansa ne suka yi ƙungiya suna buga besbol da ma'aikatan wata masana'antar. Ashe gasa ce tsakanin masana'antun yankin, duk Lahadi, tun daga farkon zafi har sanyi ya kawo kai. Lawban ya taɓa zama a Taiwan, can ya ɗauko cutar. Yana ganina ya san abin da ya kawo ni. Ya kama hannuna biyu, ya zaunar da ni a kan wata jar kujerar roba mai majingina, ya ce da Turancinsa mai tsalle-tsalle in an gama za mu yi magana.

Na zauna ina cika ina batsewa. Abin da na gani bai yi mini kama da wasa ba. Wani ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki ya kuskure, kowa ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai da aka jima na fara kama zaren: in ka kuskure sau uku ka fita, in ka doke ta sai ka zura da gudu, zango uku ne a gabanka, in ka zagaye su ka dawo inda ka tashi an ci ɗaya. Ranar nan ƙungiyar lawban ta yi nasara, kuma daga baya na ji tun da aka fara gasar ba su taɓa cin kowa ba. Ya manta da maganar da za mu yi, ni ma ban tuna masa ba. Kayana suka fito a cikin makon.

Lahadin da ta biyo na sake komawa, ba ni da wani uzuri. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai san nauyin Lahadi ba. Ka gama waya da gida, ka yi wanki, ka ci abinci, sai ka zauna kana kallon bangon ɗaki yana gumi. A filin kuwa akwai iska, akwai ƙarar kulki in ya haɗu da ƙwallo daidai, ƙarar da har yau in na tuna sai na ji ta a haƙorina. Sannan akwai mai jifa.

Na san shi tun kafin in san yana wasa. Siririn mutum ne, magidanci, a sashen da ake goge jins da sanfefa don gwiwa da cinya su yi fari-fari kamar an daɗe ana sawa. Kullum kansa a sunkuye, takunkumi a hanci, yatsunsa sun rine shuɗi. Ban taɓa jin muryarsa a wurin aiki ba. Amma in ya hau ɗan tudun nan na tsakiyar fili, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya saki ƙwallo, sai ka rantse wani mutum ne daban. Ƙattai sukan kai duka su bugi iska, su juya suna kallon kulkinsu kamar shi ya yi musu laifi. Shi kuwa ko murmushi ba ya yi. Na ƙaunaci mutumin nan ƙwarai, ba tare da mun taɓa haɗa jimla ɗaya ba.

Suka ci a karo na biyu, suka ci a na uku. Daga nan abubuwa suka fara canzawa a kaina. Jar kujerar nan ta zama tawa, ko yaron lawban bai isa ya zauna ba. Wata dattijuwa da ke girka wa ma'aikata abinci, wadda nake kira Iya a raina, ita ke kawo shayi filin, kuma ni take fara zuba wa. Kafin a fara wasa sai 'yan wasan su biyo ta gabana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shafi kafaɗata. Na tambayi lawban, ya yi dariya ya ce ai ni ne sa'arsu, tun ranar da na taka filin ba su faɗi ba.

Na san camfi ne. Malaman da suka karantar da ni ba su bar ni cikin duhu ba a kan wannan. Nakan yi istigfari a zuci, amma in faɗi gaskiya kaina ya kumbura. A garin da in ka shiga jirgin ƙasa wani lokaci kujerar kusa da kai ce ta ƙarshen cika, ga wasu mutane suna rige-rigen taɓa ka. Na ji daɗin abin, kuma ban hana ba.

Har na fara jan mutane. Abokin zamana, wani Alhaji mutumin Maradi da ke sayen fitilu masu aiki da hasken rana, shi ya fara bina, sai wasu Kanawa biyu. Lokacin ƙungiyarmu tana saman tebur, kowa yana son a gan shi da ita. Sinawa suna ihun jayo, wato a ƙara himma, mu muna ihun "Gudu, ɗan albarka!" Alhaji bai taɓa gane dokar wasan ba. Sau biyu yana tafa wa abokan gaba, sai na taka masa ƙafa.

Da zafi ya fara sassautawa sai aiki ya taso wa masana'antun Xintang. Kowane ɗan kasuwa yana son kwantenarsa ta bar tashar jiragen ruwa ta Huangpu kafin ƙarshen shekara, har da ni. Ma'aikata suka daina samun yammacin da suke motsa jiki, Lahadin ma sai sun yi rabin yini a bakin aiki kafin su sa kayan wasa. Faɗuwar farko dariya muka yi, muka ce ai dole wata rana a ɗanɗana. Ta biyu ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron zango na biyu yana tsaye yana hamma. A ta uku na lura jifan mutumina ya yi sanyi. Ƙwallon da a da ba ka ganin wucewarta, yanzu tafe take a hankali kamar an aike ta, 'yan can ɓangaren suna ta lafta mata duka. In ya sauko daga tudun sai ya riƙe kafaɗarsa ta dama yana murzawa.

Ƙungiyoyin da suka ƙare a sama kaɗai ke shiga zagayen neman kofi. Mu da muke ganin mun riga mun shiga, sai ga mu muna zamewa mako bayan mako. Kanawan nan biyu suka ɓace ba sallama. Alhaji ya daure sau ɗaya, a hanyar dawowa ya ce shi kam ya sauka.

"Bakano, mi ya kai ka wanga wahala? Wasan ba naka ba, mutanen ba naka ba, ko sunan ƙungiyar ba ka iya hwaɗi daidai. Ka zamna gida ka huta."

Na ce masa da suna ci ai bai tambaye ni sunan ƙungiyar ba. Ya ce shi mutum ne mai son farin ciki, ba ya biyan kuɗin mota ya je sayen baƙin ciki. Muka yi kwana biyu muna gaisuwa sama-sama.

A filin kuma sai aka fara neman inda sa'a ta zube. Lawban ya aiko mini da saƙo a waya, wai don Allah in sa shuɗin kaftanin da na sa ranar farko. Na sa, aka lallasa mu. Mako na gaba aka ce in shigo ta ƙofar baya, kada in bi ta gaba, kuma aka matsar da kujerata zuwa ɗaya gefen. Na bi ta baya, na zauna inda aka ce, aka sake lallasa mu. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ni da gemuna, ana juya ni daga kusurwa zuwa kusurwa kamar tukunyar fure, ina bi don kada a ce na ƙi taimako. Ranar ba wanda ya shafi kafaɗata, kuma shayin Iya ya ƙare kafin ya iso kaina.

Ana tsakiyar mako wani saƙon ya shigo. Lawban yana cewa hanya da nisa, na sha wahala duk shekara, in huta wannan Lahadin. Na kira shi na ce ya bar kwana-kwana ya gaya mini gaskiya. Ya yi ta tari, sannan ya ce 'yan wasa ne suke magana, Iya ta ce musu sa'a in ta ƙare juyewa take yi ta zama akasinta, kuma duk wanda ya kawo ta farko shi ke ɗauke da ta biyun. Ya ce shi bai yarda ba, amma yara sun tsorata, in yi haƙuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar Lahadi na shirya na tafi. Babu kujera, an ɗauke ta, kuma aka tsayar da wani a ƙofar raga yana ba ni haƙuri da hannu. Ban yi faɗa ba. Na zagaya ta waje, na hau gefen wata kwata, na shimfiɗa kwali na zauna ina leƙe ta ramukan waya. Aka yi musu cin da ya fi na kullum muni. Na ce to, yau dai ba na ciki, sai a nemi wani dalilin. Ashe ban san mutane ba. Washegari na ji wai ai ko daga waje idona yana kansu.

Ranar Litinin na dira a masana'antar. Ban zauna a ofis ba, na ja lawban har sashen goge jins. Mai jifa yana sunkuye yana ta dirzar gwiwar wando da hannun dama, ƙurar shuɗi ta rufe masa gira. Wuyan rigarsa ya zame, ga filastar ciwon jiki an jera a kafaɗar har uku, warin man zafi yana tashi. Na nuna wa lawban, na ce ga abin da ke cin ƙungiyarsa nan. Hannun da ya yini yana dirza tun safe har duhu, kwana shida, shi ake so ya yi jifa a rana ta bakwai. Na ce kaftanina bai taɓa riƙe ƙwallo ba.

Lawban bai yi musu ba. Ya sunkuya ya ɗauki wando ɗaya daga tulin da ke gaban mutumin, ya juya ƙugun, ya nuna mini tambarin da ke jiki.

"Na wa ne wannan, abokina?"

Nawa ne. Tambarin shagona ne na Kano, wanda ni na zana shi da hannuna. Kuma ni ne makonni uku da suka wuce na tsaya a ofishinsa ina buga tebur, ina cewa in jirgi ya tashi babu kayana kada ya ƙara ganin ƙafata. Na yi tsaye kamar an watsa mini ruwan sanyi. Mai jifa bai ɗago ba, bai san me muke cewa ba, dirzarsa kawai yake yi.

Na ce a dakatar da aikina, na fasa wannan jirgin, zan bi na gaba. Lawban ya kalle ni kamar na zautu, ya ce ko an ɗauke nawa na wani za a ajiye masa. Na ce na ji, a ɗauke nawan dai. Aka ɗauke, kuma kamar yadda ya faɗa, kafin in fita daga ginin an jibge wa mutumin wandunan wani ɗan kasuwar. Ban cece shi da komai ba. Alhaji da ya ji labari ya riƙe baki, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya bar jirgi saboda wasan kulki ba, ya kamata a yi mini rubutu in sha. Na ce ya sha abinsa. Ban yi nadama ba, domin aƙalla in na zauna kallo na san ba wandona ne ke cin kafaɗar ba a wannan makon.

Wasa ɗaya ya rage. In sun ci sun tsallaka da ƙyar, in sun faɗi shekara ta ƙare. Na sayi 'yar kujera mai naɗewa a wani shago a ƙasan gidanmu, na yi azahar da wuri, na kama hanya. Na isa kafin a tsayar da kowa a ƙofa, na shiga ta gaba, na buɗe kujerata daidai inda jar take a da, na zauna na harɗe ƙafa. Farar riga na sa, wadda ba su taɓa gani ba.

Iya ce ta fara ganina. Ta ajiye butar shayi ta taho tana faɗa da yarensu, tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji. Na gaishe ta da ladabi, ban motsa ba. 'Yan wasa suka yi cirko-cirko. Lawban ya iso yana share gumi, ya ce don girman zumunci in taimake shi, yau kaɗai.

Na ce masa, "Lawban, ni ba laya ba ne. Da kuna ci ba ni na ci muku ba, kuskurena ne da na bari kuka ɗauka haka. Yanzu da kuke faɗuwa ma ba ni ba ne. Kallo na zo yi, ƙungiyata ce, kuma sai dai ku ɗauke ni da kujerar."

Ya buɗe baki zai yi magana, alƙalin wasa ya kira kyaftin-kyaftin. Ya dube ni, ya dubi fili, ya tafi. Waɗanda ke zaune kusa da ni suka ja kujerunsu gefe, aka bar ni ni kaɗai a tsakiyar fili kamar mai cutar da ake gudu. Ko a jikina.

Da farko abin ya yi kyau har na fara jin tsoron murna. Muka shiga gaba. Mai jifa ya tattaro abin da ya rage masa, ya fitar da mutum uku a jere, na miƙe ina ihu har hulata ta faɗi. Amma wasan besbol dogo ne, ba ya ƙarewa lokacin da kake so. Da aka wuce rabi hannun ya mutu. Ƙwallo ta fara kaucewa, wata ta bugi ƙasa, wata ta wuce saman kai. Ba su da wani mai jifan kirki da zai karɓe shi, sai suka bar shi a kan tudun. Abokan gaba suka cika zangon nan uku, wani gajere mai faɗin kafaɗa ya zo ya ɗaga ƙwallo har bayan raga, suka shigo gida su huɗu suna tafiyar isa.

Ɓangarenmu ya yi tsit. Ba mai cewa jayo. Ina jin idanu a ƙeyata, na san abin da suke cewa a ransu. Sai na miƙe tsaye na ci gaba da ihu ni kaɗai, da Hausa, tunda ita ce ke fitowa. Ina ce wa mai jifa ya daure, ina ce masa namiji ne, ina ce masa ya jefa ko da haƙori ne. Duk jifan da ya yi, mai kyau da marar kyau, sai na tafa. Muryata ta dushe, na sha ruwa na ci gaba. Na san ba za mu dawo ba, tazarar ta yi yawa. Amma na ƙudura cewa mutumin nan ba zai gama shekararsa cikin shiru ba. Ɗan wasanmu na ƙarshe da ya riƙe kulki ya bugi iska sau uku, alƙali ya ɗaga hannu, shi ke nan.

Mutane suka watse da sauri. Iya ta wuce ta gabana da butarta, ta kau da kai. Lawban ya ɗaga mini hannu daga nesa, irin ɗagawar da ba ka san gaisuwa ce ko sallama ba. Na koma na zauna, haushi da baƙin ciki sun cika mini ƙirji.

Sai na ga mai jifa ya nufo ni. An ɗaura masa ledar ƙanƙara a kafaɗa, hannun dama yana lilo a gefensa. Ya tsaya a gabana, ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, fuskarsa ta yamutse, hannun ya ƙi tashi. Sai ya miƙo mini hagu.

Tun da aka haife ni ban taɓa gaisawa da hagu ba. A gidanmu ko kofi ka miƙa da shi sai ka sha rankwashi, kuma har na girma in wani ya miƙo mini hagu ji nake ya zage ni. Na miƙe tsaye, na ba shi nawa hagun, na riƙe shuɗayen yatsun nan da kyau.

Ya saki, ya zaro waya, ya daɗe yana dannawa da babban yatsan da bai saba ba, sannan ya juyo mini da fuskarta. Wayar ta fassara abin da ya rubuta: ban san me kake faɗa ba, amma yau kai kaɗai nake ji.

Ihu ya riga ya cinye mini murya. Da ƙyar na ce masa baɗi ina nan, ko sun so ko sun ƙi. Da Hausa na faɗa, kuma bai nemi a fassara masa ba.